Lacca: Tsohuwar da ta rasa abokin hira, da halin da yarukan Indiya ke ciki

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamaina, iyayena da ke zaune nan gaba, 'yan uwa ɗalibai, barkanmu da yamma. Na baya kuna ji na ko? To madalla.

Da labarin wata tsohuwa zan fara. A watan Janairun 2010 ta rasu a tsibiran Andaman, can tsakiyar tekun Bengal, ƙarƙashin ƙasar Indiya. Sunanta Boa, shekarunta wajen 85, kuma ita ce mutum ta ƙarshe a doron ƙasa da ke jin yaren Bo. Ta yi shekaru masu yawa ba ta da ko mutum ɗaya da za ta yi hira da shi da yaren da uwarta ta yi mata rarrashi da shi. Farfesa Anvita Abbi, masaniyar harsuna wadda ta daɗe tana zuwa wajenta tana naɗar muryarta, ta ce takan tarar da ita tana magana da tsuntsaye, wai su ne masu fahimtarta. Ku ɗan kwatanta a ranku, ka wayi gari kai kaɗai ka rage mai jin Hausa, in ka yi karin magana ba mai murmushi, in ka yi atishawa ma ba mai ce maka komai da bakin da ka sani.

To wa ya kashe yaren Bo? Da yawanku za ku ce Turanci, amma fa Boa ba Turanci take yi da maƙwabtanta ba, wani irin Hindi ne na tsibirin. Turawan Ingila sun kafa sansanin fursunoni a wajen a 1858, cututtuka irin su ƙyanda da tunjere suka biyo su suka yi wa mutanen kaca-kaca, daga dubbai suka koma 'yan hamsin da wani abu, 'yan ragowar kuma Hindi ya kwashe su. Ku riƙe wannan, don abin hawa-hawa ne kamar bene. Turanci na can sama yana danne manyan harsuna, su kuma manyan suna danne ƙananan da ke ƙarƙashinsu, na can ƙasa shi ne ke mutuwa.

Yadda Turanci ya hau saman kuwa da takarda aka yi. A 1835 wani Bature, Thomas Macaulay, ya rubuta wa gwamnatin mulkin mallaka shawara kan ilimi, ya ce kanta guda na littattafan Turai ya fi duk abin da Indiya da ƙasar Larabawa suka taɓa rubutawa daraja, alhali a cikin takardar nan da bakinsa ya amsa cewa bai iya Sanskrit ba, wato tsohon harshen addini da ilimi na Indiya, bai iya Larabci ba. Ya ce a samar da wasu mutane da jininsu da fatarsu na Indiya ne amma tunaninsu da ɗabi'arsu na Ingila, su zama tafintoci tsakanin masu mulki da talakawa. Gwamna-janar na Indiya, Bentinck, ya amince, kuɗin ilimi ya koma ɓangaren Turanci, a 1837 kuma aka cire Farisanci daga kotuna, harshen da aka gada tun zamanin sarakunan Mughal. Mu da muka san yadda boko ya ture ajami daga ofis ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Kar ku ɗauka Indiyawa ba su damu da yarensu ba. Wallahi sun damu har sun mutu a kai. A 1952 wani mutum, Potti Sriramulu, ya yi yajin cin abinci sama da kwana hamsin har ya rasu don a ba masu jin Telugu jiharsu, aka ba su Andhra a 1953, a 1956 kuma aka sake yanka jihohin ƙasar bisa harshe. Tsarin mulkin 1950 ya ce Hindi ne harshen gwamnatin tarayya, Turanci zai yi masa rakiya na shekara 15 sannan ya tafi. Da wa'adin ya cika a 1965 mutanen Tamil a kudu suka ce sam ba su yarda a ɗora musu Hindi ba, aka yi tarzoma a jihar Madras, mutane suka mutu, wasu ma suka cinna wa kansu wuta, dole gwamnati ta ja baya Turanci ya ci gaba da zama. Kun ga yadda rigimar 'yan gida ta gyara wa baƙo shimfiɗa. Har yau Kotun Ƙoli ta Indiya da Turanci take shari'a.

Sai 1991 ta zo, ƙasar ta shiga matsin kuɗi, Manmohan Singh yana ministan kuɗi aka buɗe kasuwa ga duniya, kamfanonin kwamfuta suka cika Bangalore da Hyderabad, ga ofisoshin amsa waya inda yaro ɗan Indiya zai kwana yana magana da kwastoma a Amurka, har sunan Turawa ake ba shi da horon lanƙwasa harshe don kar a gane daga ina yake. Daga nan Turanci ya tashi daga abin 'yan boko ya zama abin da ke raba mai albashi da marar albashi.

Ni na ga wannan da idona lokacin da nake karatu a Hyderabad. Akwai mai keken da ke kai ni makaranta, irin a-daidaita-sahun nan namu, ai daga can ake kawo mana su. Muka saba har ya gayyace ni gidansa cin abinci, ɗaki biyu ne a wani lungu, mahaifiyarsa na zaune a ƙasa tana tsince shinkafa a faranti, sai jikarta 'yar shekara bakwai ta shigo da yunifom da taye a wuya. Tsohuwa ta yi mata magana da Telugu, yarinya ta amsa da Turanci, tsohuwa ta sake, yarinya ta sake amsawa da Turanci, tana jin komai fa amma bakinta ya ƙi. Akwai kalanda a bango da rubutun Telugu, baƙaƙen nan masu zagaye-zagaye, na nuna mata na ce karanta min, ta girgiza kai. Uban ya ce min a makarantarsu in aka kama yaro yana yaren gida tara ake cin sa, kuma da alfahari ya faɗa, don shi a ganinsa alamar makaranta mai kyau kenan, yana tuƙi tun asuba har dare don ya biya kuɗinta. Tsohuwar nan ba ta ce uffan ba, ta ci gaba da tsintar shinkafarta, amma ni abincin nan da kyar ya wuce min.

Kuma ban iya ganin laifinsa ba, har yau ban gani ba. Mutumin nan ya duba ya ga duk wanda ya ɗauka a kekensa mai kuɗi da Turanci yake waya. A 2019 gwamnatin Andhra Pradesh, jihar nan da mutum ya mutu don Telugu, ta ce makarantun gwamnati za su koma koyarwa da Turanci, masana suka yi ca, babban ministan jihar na lokacin, Jagan Mohan Reddy, ya tambayi masu sukarsa, ku 'ya'yanku da jikokinku wace makaranta suke? Tambayar tana da zafi don gaskiya ce. Akwai ma 'yan Dalit, waɗanda tsarin bambancin asali na Hindu ya ajiye a can ƙasa aka hana kakanninsu karatun Sanskrit, wani marubucinsu Chandra Bhan Prasad yana bikin ranar haihuwar Macaulay, har a 2010 aka fara gina wa Turanci wurin bauta a wani ƙauye a Uttar Pradesh. Mu wannan a wajenmu a'uzubillahi, amma ku fahimci abin da ke cin ransa, yana cewa yaren gida ne ke tona asalinsa a wulaƙanta shi, Turanci kuwa bai san kakan kowa ba. Duk mai son kare harshen uwa in bai da amsar da zai ba wannan mutumin da mai keken can, to maganarsa ba za ta wuce ɗakin taro irin wannan ba.

Abin mamaki, a ƙidayar 2011 waɗanda suka ce Turanci ne harshen uwarsu wajen 260,000 ne kacal cikin mutum sama da biliyan 1.2. Wato Telugu da Tamil da Bengali da Marathi ba mutuwa za su yi gobe ba, kowanne na da miliyoyin mutane da jaridu da finafinai. Abin da ke samunsu ƙanƙancewa ne, ana korarsu daga ajin kimiyya da asibiti da kotu da banki ana barinsu da kicin da waƙa da faɗa. Ku da ke kallon finafinan Indiya ku saurara da kyau, jimla ɗaya rabi Hindi rabi Turanci, in jarumi zai nuna ya waye sai ya juya baki, matasa kuma a waya da baƙaƙen boko suke rubuta Hindi ba da nasu ba.

Ƙananan su ne ke tafiya gaba ɗaya, kuma a nan alƙalamin gwamnati ya yi ɓarna. Ƙidayar 1961 ta lissafa harsunan uwa 1,652. Daga 1971 aka ce duk yaren da masu shi ba su kai 10,000 ba ba za a buga sunansa ba, a zuba shi cikin "sauran". A 2011 harsuna 121 aka bayyana, 22 daga ciki ne ke cikin jerin harsunan da tsarin mulki ya amince da su. Yaren da ba ya cikin takarda wa zai buga masa littafin firamare, wa zai ɗauki malaminsa aiki? Sannan Hindi da ake cewa kusan kashi 44 cikin ɗari na ƙasar ke yi, an cusa masa wasu a ciki, Bhojpuri kaɗai mutum wajen miliyan 50 ne amma a takarda reshen Hindi ne. Farfesa Ganesh Devy ya tara dubban 'yan sa-kai daga 2010 suka bi ƙasar lungu-lungu suka samu harsuna 780 da rai, ya ƙiyasta cewa sama da 200 sun ɓace cikin shekara hamsin, yawanci na makiyaya da masunta da mutanen daji da aka raba da ƙasarsu. UNESCO kuma ta lissafa 197 da ke cikin haɗari, babu ƙasar da ta kai Indiya yawa.

Nan zan faɗi abin da ba lallai ya yi mana daɗi ba. In muna jin labarin nan mukan ɗauki kanmu a matsayin Telugu, waɗanda Turanci ke danna, kuma haka ne, je ka makarantar kuɗi a Kano ko Kaduna ka ga yadda ake hukunta yaro don ya yi Hausa. Amma mu ne Hindi kuma. Ajanci a ƙasar Bauchi ya tafi, yaren Auyokawa da na Teshenawa a Jigawa sun tafi, jikokinsu Hausa suke yi, kuma a cikin ɗakin nan na tabbata akwai wanda kakarsa ke jin wani yare shi bai iya ko gaisuwa da shi ba.

Akwai waɗanda suka ƙi miƙa wuya. Santali yaren mutanen karkara ne a gabashin Indiya, a 1925 wani matashi Raghunath Murmu ya ƙirƙira masa baƙaƙensa, Ol Chiki, ya yi ta rubuta littattafai da wasannin kwaikwayo yana yawo ƙauye-ƙauye yana koyarwa, mutanensa suka yi ta matsa wa gwamnati har a 2003 aka sa Santali cikin tsarin mulki tare da Bodo da Dogri da Maithili. Ma'anar haka yaro zai iya zaɓarsa a jarrabawar shiga aikin gwamnatin tarayya, wato yaren ya fara kawo tuwo gida. A 2022 'yar ƙabilar, Droupadi Murmu, ta zama shugabar ƙasa. Manufar ilimi ta 2020 ma ta ce a koyar da yara da harshen gida aƙalla zuwa aji biyar inda hali ya yi, sai dai makarantun kuɗi da allunansu na Turanci suna nan suna ƙaruwa a kowane lungu.

Ana yi min alama magariba ta gabato. Ɗalibai, kafin zama na gaba kowa ya je wajen tsohon da ya fi kowa shekaru a gidansu ya tambaye shi wane yare iyayensa suka yi, in akwai waƙar daka ko ta reno da ya tuna ku naɗa a waya ku zo da ita. Malam shugaban zama, ga makirufo, a karɓi tambaya biyu ko uku.