Fodkas: Yadda Ake Haɗa Akwatin Ajiya Na Gida Da Kwamfuta

Binta: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Binta ce, ga Nura, ga kuma Malam Kabiru. Yau maganar akwatin ajiya za mu yi, wanda ake kira NAS, na'urar nan da ake zuba wa faifan ajiya a jona ta da rawuta, kowace kwamfuta a gidan ta riƙa ɗauka tana ajiyewa. Mutum ya kunna, fitilu suna ƙyaftawa, amma ya duba kwamfuta babu akwatin babu labarinsa. Malam, ta ina ake farawa?

Malam Kabiru: Ta adireshi. Mutane garaje suke yi, su faɗa saitin rabawa alhali ko lambar akwatin ba su sani ba. Duk na'urar da ta hau rawuta, rawutar ce ke ba ta lamba, misali 192.168.1.20. To amma aro ce. In aka kashe rawuta aka kunna, ko wa'adin aron ya cika, akwatin yana iya tashi da wata lambar daban.

Nura: Shi ya sa za ka ji an ce jiya lafiya lau, yau ya ƙi.

Malam Kabiru: Shi ne fa. Maganinsa ka shiga shafin rawuta, ka nemo sashen DHCP, wato mai raba wa na'urori lambobi, ka ɗaure wa akwatin lamba guda ta dindindin. Rawutar tana gane shi ne da lambarsa ta MAC, wadda ya zo da ita daga masana'anta.

Binta: Amma Malam, me ya sa ba zan kira shi da sunansa kawai ba? Riƙe suna ai ya fi riƙe lambobi sauƙi.

Malam Kabiru: Kina iya yi, kuma sau da yawa yana aiki. Sai dai kowane tsari da hanyarsa ta neman suna. Mac da Bonjour take nema, Windows tata hanyar daban. Akwatin yana iya zama garau amma ya ƙi fitowa a jerin na'urori, mutum ya zaci ya lalace. Ranar farko ki yi gwaji da lamba. In lamba ta buɗe, suna ya ƙi, kin san inda ciwon yake.

Nura: To mu zo kan yaren da za su yi magana da shi, don nan ni da Malam muke raba hanya. Ni NFS nake so.

Binta: Tsaya tukuna, Nura. Ka faɗa wa mutane mene ne su.

Nura: Manyan guda biyu ne. Akwai SMB, wanda aka faro a kamfanin IBM a 1983, daga baya Microsoft ta rungume shi ya zama na Windows. Akwai NFS, wanda Sun Microsystems ta fitar a 1984 don kwamfutocin Unix. Apple ma tana da nata, AFP, amma tun 2013 ta karkata zuwa SMB. NFS ba shi da nauyi, tsakanin Linux da Linux gudu yake yi.

Malam Kabiru: Ban musa ba. Amma faɗa musu yadda yake tantance mutum.

Nura: To, a saitin da aka saba, yana duba adireshin kwamfutar ne da lambar mai amfani.

Malam Kabiru: Ka ji. Tamkar mai gadin da lambar riga kawai yake dubawa, ba ya kallon fuska. Duk wanda ya saka riga mai lamba 1000 ya wuce. In kuma lambarka a kwamfuta 1000 ce, a akwatin 1026, sai ka ga fayil ɗinka da kanka an hana ka taɓawa. Ana iya ƙara masa Kerberos, wani tsarin tantance mutum, ya yi tsauri, amma wa zai zauna kafa Kerberos a gida? Gidan da ke da Windows da Mac da wayoyi da talabijin, SMB kawai. Suna da kalmar sirri, shi ke nan. Akwatunan nan ma, Synology ne ko QNAP ko TrueNAS, akasari Samba ce a cikinsu, manhajar da Andrew Tridgell ya fara a Ostireliya a farkon shekarun 1990 don Unix ta iya jin yaren Windows.

Nura: Na sallama a gida mai gauraye. Amma tsakanin sabar Linux da akwati, ina nan a kan bakana.

Binta: An bar ka. Malam, a saitin SMB ɗin na ga ana tambayar mafi ƙanƙantar siga da mafi girma. Me zan zaɓa?

Malam Kabiru: Ƙarama SMB2, babba SMB3. SMB1 kuwa a kashe shi. SMB2 da Windows Vista ya zo, SMB3 da Windows 8 a 2012, shi ne ma ya kawo rufa bayanai a kan hanya. Ku tuna WannaCry, ƙwayar cutar kwamfuta mai kulle fayiloli, a watan Mayun 2017. Ta wata ɓaraka a SMB1 ya bi, ya bazu a ƙasashe sama da 150, har asibitocin gwamnati a Ingila sai da suka soke ganin marasa lafiya. Abin takaicin, Microsoft ta riga ta fitar da gyaran tun watan Maris, ba a saka ba ne kawai.

Nura: Inda ake shiga tarkon shi ne tsohuwar firinta mai sikana, ko tsohuwar na'urar kallo, wadda SMB1 kaɗai ta iya. Sai mutum ya kunna wa gidan gaba ɗaya saboda ita.

Malam Kabiru: A'a, kar a yi. A duba ko akwai sabuwar manhajarta, ko ta tura sikanin ta imel. Ba za a raunana ajiyar gida duka don na'ura ɗaya ba.

Binta: Sai asusu. Gaskiya ni da so samu ne in kunna shigar baƙo, kowa ya shiga ba kalmar sirri. Gida ne fa.

Malam Kabiru: Gida ne, amma wa ke kan Wi-Fi ɗin? Wayar baƙon da kika ba kalmar sirri bara, da talabijin, da kyamara. Kuma Windows ma ta daina yarda. Windows 11 siga 24H2 nau'in Pro tana neman sa hannu a kan saƙonnin SMB, tana kuma ƙin shigar baƙo. Ki buɗe wa kowa asusunsa. Talabijin ki ba ta asusu mai karatu kawai, a foldar bidiyo kaɗai. Asusun shugaba kuma, wanda ake saita akwatin da shi, kada a haɗa folda da shi ko sau ɗaya.

Nura: Akwai wani abu da ke ɗaure wa mutane kai a nan. Windows ba ta yarda ka shiga akwati ɗaya da asusu biyu a lokaci guda, sai ta jefo maka kuskure mai lamba 1219. Wani lokacin kuma ta riƙe tsohuwar kalmar sirri tana ta gwadawa a ɓoye. Ka buɗe Credential Manager, ka goge abin da ta ajiye na akwatin, ka sake shiga.

Binta: To mu je kan kwamfutar kanta. A Windows?

Nura: Ka fara tabbatar da cewa ta ɗauki hanyar sadarwar a matsayin ta gida, ba ta bainar jama'a ba, in ba haka ba ba za ta nemo na'urori ba. Sannan a File Explorer, wurin rubuta adireshi, ka sa layuka biyu masu jingina baya da lambar, kamar \\192.168.1.20. Zai tambayi suna da kalmar sirri. In foldar ta fito, ka danna mata dama ka zaɓi Map network drive, ka ba ta harafi, a ce Z, ka yi alamar ta riƙa haɗuwa duk lokacin da ka shiga. A Mac, ka buɗe Finder, ka danna Command da K, ka rubuta smb://192.168.1.20. A Linux ka saka cifs-utils, ka ƙara layi a fayil ɗin fstab, amma kalmar sirrin ka ajiye ta a wani fayil da kai kaɗai ke iya karantawa.

Binta: An haɗa. Sai kuma kukan jinkiri.

Malam Kabiru: Wannan lissafi ne. Layin gigabit ɗaya, a takarda megabayit 125 ne a daƙiƙa, a aikace wajen 110. Fayil mai gigabayit 100 zai ci kamar minti 15. In kika ga gudun ya tsaya cak a megabayit 11 ko 12, to wani wuri ya faɗo zuwa megabit 100, aikin minti 15 ya koma awa biyu da rabi. Sau da yawa kebul ne. Gigabit yana buƙatar duk silin waya 8 da ke ciki, megabit 100 kuwa 4 sun ishe shi. Sili ɗaya daga cikin sauran huɗun ya tsinke, haɗin ba zai yanke ba, sai dai ya sauko shiru. Ki canza kebul, Cat5e ya wadatar. Akwatin kuma lallai da kebul za a jona shi.

Nura: Kuma ƙananan hotuna dubbai sun fi babban bidiyo ɗaya jinkiri, ko da nauyinsu ɗaya, don kowane fayil sai an buɗe shi an rufe. Wannan ba lalacewa ba ce.

Binta: Idan ina waje kuma ina son fayil fa? Na ga masu cewa a buɗe ƙofa mai lamba 445 a rawuta.

Malam Kabiru: Subhanallahi, kar ki kuskura. Ita ce ƙofar SMB, kuma dare da rana akwai na'urorin da aikinsu kawai laluben ta a intanet. Ki kafa VPN, wato rufaffiyar hanya ta cikin intanet, kamar WireGuard ko Tailscale, ki shigo gida ta nan, sannan ki buɗe foldar kamar kina ɗaki. Ki kuma duba UPnP a rawuta, don yana ba na'urori damar buɗe ƙofa da kansu ba ki sani ba.

Nura: Ni abin da nake so a ji shi ne wannan harafin Z ɗin. Da zarar ka haɗa shi da izinin rubutu, duk abin da kwamfutarka za ta iya yi masa, ƙwayar cutar da ta kama ta ma za ta iya. Masu kulle fayiloli su nemi kuɗin fansa har foldar akwati suke bi.

Binta: Ba shi ne amfanin faifai biyu ba? RAID ɗin nan?

Malam Kabiru: RAID 1, wato faifai biyu masu ɗauke da abu ɗaya, mutuwar faifai ɗaya kawai yake karewa. In kin goge fayil, a duka biyun ya gogu nan take. In an kulle shi, a duka biyun. Abin da ke ceto shi ne hoton yanayin ajiya da tsarin adana fayil irin su Btrfs ko ZFS ke ɗauka lokaci-lokaci, wanda kwamfuta ba ta iya taɓawa ta SMB, sai kuma wani kwafi a faifan da ake cirewa ko a wani wuri daban. Ga wani kuma da ba a cika sani ba: abin da kika goge a foldar akwati ba ya zuwa kwandon shara na Windows, wucewa yake yi. Akwatin yana da nasa kwandon, amma sai kin duba kin kunna shi a kan kowace folda.

Binta: Kowace folda daban?

Malam Kabiru: A yawancinsu, e. Ki kunna, ki ajiye fayil na gwaji, ki goge, ki tabbatar kin gan shi a kwandon kafin ki kwaso hotunan iyali.

Binta: To madalla. Lokaci ya cim mana. Mun gode Malam, mun gode Nura. Masu sauraro, sai shiri na gaba.