Sirinjin iska mai ɗumi na likitan haƙori: yadda ake ƙera shi don kada ya cutar da majinyaci

Masu kallo, ku dubi wannan ɗan ƙarfen da ke rataye a gefen kujerar likitan haƙori. Yana da maɓalli biyu. Ka danna ɗaya ruwa ya fito, ka danna ɗayan iska ta fito, ka haɗa su ka sami feshi. A wasu kujerun akwai siririyar waya a cikinsa mai ɗumama iskar kafin ta fita. Shi ne sirinjin iska da ruwa. Ba ya yanka, ba ya huda, ba shi da ƙarar nan ta injin gyaran haƙori mai tayar da tsikar jiki, shi ya sa ba wanda yake tsoronsa. Amma da wuya a gama wani aiki a baki ba a ɗauke shi ba, kuma idan ƙirarsa ta yi rauni zai iya ƙona mutum, zai iya cusa masa iska a ƙarƙashin fata, zai iya kai masa cutar wanda ya tashi daga kujerar kafin shi.

A ƙarni na 19, abin da likita yake da shi wata 'yar ƙwallon roba ce mai dogon baki na ƙarfe. Sai ya ɗora bakin a kan harshen wutar fitila, ƙarfen ya yi zafi, ya matsa robar, iska mai ɗumi ta shiga kogon haƙori ta busar da shi, ta kuma kore garin da injin ya bari. Babu ma'aunin zafi a jikinta. Ma'aunin kawai shi ne bayan hannun likita, sai kuma zaburar majinyaci idan abin ya wuce kima. Da lantarki ya shigo, aka maye gurbin fitilar da waya mai zafi, aka maye gurbin matsa roba da kwamfuresa. Aiki ya yi sauri, amma ƙarfin iskar da zafinta suka ƙaru fiye da abin da hannu yake iya samarwa.

To me ya sa ake son iskar ta yi ɗumi tun farko?

Ku kwatanta a zuci haƙorin da aka tsaga biyu. A waje akwai farin ɓawo mai tauri. A ƙarƙashinsa akwai dentin, sannan a tsakiya akwai ɓargon haƙori, inda jijiyoyi da hanyoyin jini suke. Dentin ba dunƙulallen abu ba ne. Cike yake da ƙananan bututai masu ruwa a ciki, kusan 20,000 a kowace murabba'in milimita ta wajen ɓawo, har su kai kusan 45,000 idan an matso kusa da ɓargo. A shekarun 1960, wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Martin Brännström ya bayyana cewa zafin da ake ji a haƙori yana zuwa ne idan ruwan cikin bututan nan ya motsa da sauri, ya taɓa jijiyar da ke ƙarshensu. Iska mai sanyi tana yin wannan aikin sosai: tana busar da saman dentin, ruwan ya yunƙuro waje, mutum ya ji abin har cikin kansa. Iskar da ta yi kusa da ɗumin jiki, wato digiri 37 a ma'aunin Salsiyas, tana rage zaburar da sanyin yake jawowa. Tana kuma taimakawa wajen korar sinadarin da ke cikin gam ɗin da ake manna farin ciko da shi, kuma ɗan madubin likita ba ya saurin yin raɓa.

Matsalar ita ce tazarar da ke tsakanin ɗumi mai daɗi da zafi mai ɓarna ƙanƙanuwa ce ƙwarai. A 1965, wasu masu bincike biyu, Zach da Cohen, sun gwada zafi a kan haƙoran birai. Da zafin cikin ɓargo ya ƙaru da digiri 5.5 kacal, kashi 15 cikin 100 na haƙoran ɓargonsu ya mutu. Da ƙarin ya kai digiri 11, sai adadin ya haura zuwa kusan kashi 60. An yi ta muhawara daga baya a kan ko haƙorin ɗan Adam yana jure fiye da haka, amma har yau wannan digiri 5.5 shi ne iyakar da masu ƙera kayan haƙori suke kaffa-kaffa da ita. Kuma mutuwar ɓargo ba ta nuna kanta a ranar. Mutum zai tafi gida lafiya lau, sai bayan makonni ko watanni haƙorin ya fara ciwo, ko ya yi duhu, ko ya tara ruwa a gindi.

Ga abin da ya fi damuna a wannan batu. Allah ya yi wa jiki mai gadi, shi ne jin zafi. Da wani abu ya fara ƙona ka, ka janye kafin ka yi tunani. Amma a kujerar likitan haƙori, abu na farko da ake yi shi ne a yi allurar kashe zafi. Leɓe ya mutu, kunci ya yi nauyi, mai gadin ya yi barci. Shi kuma likita yana sanye da safar hannu, hankalinsa yana kan ɗan ramin da yake gyarawa. Idan bakin sirinji ya ɗau zafi ya jingina a kusurwar leɓe, babu wanda zai sani a cikinsu har sai fata ta yi fari. A 2007, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan irin wannan ƙunar daga injinan huda haƙori masu lantarki, kuma dalilin da ta ambata ke nan: majinyatan ba sa ji saboda allura, likitan ba ya ji saboda rufin da ke jikin injin. Tunda an kashe gadin jiki da gangan, dole ne a gina gadin a cikin kayan aikin.

Yaya ake gina shi? Da farko, wayar ɗumamar ba ta kunnuwa sai iska tana gudana. Wannan yana da muhimmanci, domin iskar da ke wucewa ita ce take kwashe zafin wayar. Idan wayar ta ci gaba da ci alhali iska ta tsaya, ƙarfen zai tara zafi, kuma dannawar farko za ta fito da huci mai ƙuna. Sai ma'aunin zafi da ake sakawa kusa da mafitar iska yadda zai yiwu, don a auna abin da zai taɓa mutum. Bayan shi akwai fiyus na zafi wanda ba ruwansa da ma'aunin farko: idan ma'aunin ya lalace ya bar wuta tana tafiya, fiyus ɗin ya narke ya yanke ta. Ƙa'idar duniya ta kayan asibiti masu lantarki, IEC 60601-1, a kan wannan tunanin ta ginu, cewa lalacewar abu guda kada ta isa ta cutar da majinyaci. Ta kuma sa iyaka ga duk sashen da ke taɓa jiki. Ƙarfen da zai taɓa mutum ƙasa da minti ɗaya kada ya wuce digiri 51, wanda zai daɗe minti 10 ko fiye kada ya wuce digiri 43, kuma da zarar ya haura 41 dole kamfani ya bayyana hakan a takardar amfani. Wutar da ake kai wa wayar ma ƙarama ce, wadda aka raba da babbar wutar gini ta hanyar taransifoma, domin abin yana aiki ne a cikin jiƙaƙƙen baki.

Yanzu mu bar zafi mu koma ga ƙarfin iskar, wanda a ganina an fi raina shi.

A 1900, wani likita mai suna Turnbull ya ba da rahoton wani mai busa ƙaho da aka cire wa haƙori. Bai jima ba ya koma busa, sai fuskarsa ta kumbura nan take. Iskar da ya tara a baki ce ta bi ta ramin haƙorin ta shige ƙarƙashin fata. Idan numfashin mutum ya iya yin haka, ina ga iskar kwamfuresa? Tsakanin tsokokin fuska da wuya akwai saƙo-saƙo masu laushi da suke haɗe da juna har zuwa ƙirji. Iskar da aka harba cikin ramin cirewa, ko aljihun dasashi mai zurfi, ko tushen haƙorin da aka buɗe, za ta iya bin wannan hanya. Kunci ya tashi cikin daƙiƙoƙi, ido ya rufe, idan aka danna wurin da yatsa a ji yana ƙaras-ƙaras kamar ana murza leda. Yawanci jiki yakan shanye iskar cikin kwanaki, amma tana iya gangarawa har kewayen zuciya, kuma tana tafe da ƙwayoyin cutar baki. A 1990 an wallafa rahoton mutum uku da suka rasu a Kanada yayin dashen haƙori, bayan iska da ruwa daga injin huda sun shiga ƙashin muƙamuƙi suka faɗa hanyar jini.

Saboda haka mai ƙira nagari yana sa bawul mai rage matsin iskar kafin ta iso sirinji, kuma yana yin maɓallin da yake buɗewa sannu a hankali gwargwadon dannawa, yadda likita zai iya fitar da ɗan huci kaɗan idan shi yake so. Maɓallin da bai san komai ba sai rufe ko buɗe gaba ɗaya, a wurina ƙira ce mara tausayi. Duk da haka akwai wurin da ƙira ba ta isa ba. Cikin tushen haƙori ba a busar da shi da iskar sirinji, komai laushinta. Da 'yan tsinkayen takarda masu tsotse ruwa ake yi. Kai kuma majinyaci, idan ka ga fuskarka ta kumbura farat ɗaya a lokacin aiki ko jim kaɗan bayansa, musamman idan numfashi ko haɗiya ya yi maka wuya, ka nemi likita a take, kada ka jira gari ya waye.

Bakin sirinjin ma yana bukatar makulli na gaske. Iska mai matsi tana tura shi waje duk lokacin da aka danna, kuma mutum yana kwance ne, maƙogwaronsa a buɗe a ƙasa. Shi ya sa ake yi masa zobe mai kamawa, ana kuma ɗan ja shi da hannu a tabbatar ya zauna kafin a kai shi baki. Iskar kanta dole ta zo a bushe, ba mai, ba ruwa, don ɗigon mai ɗaya ya isa ya hana ciko kamawa. Gwajin ba wuya: a hura ta a kan busasshen madubi a ga ko za ta bar tabo.

Saura batun ruwa, kuma a nan ne jin daɗin majinyaci yake karo da lafiyarsa. Tiyon da ke kai ruwa sirinji siriri ne, ruwa yana kwana a ciki, sai wani yauƙi na ƙwayoyin cuta ya manne a bangonsa. Tun 1963 wani likita mai suna Blake ya nuna haka a Ingila. Ɗumama ruwan yana ƙara wa yauƙin nan ƙarfi, domin ƙwayar Legionella tana yaɗuwa ne tsakanin digiri 20 zuwa 45. A 2011 wata tsohuwa mai shekara 82 ta rasu a Italiya da ciwon huhu na wannan ƙwaya, aka bi sawu aka same ta a ruwan kujerar likitan haƙorinta. Don haka idan za a ɗumama, gara a yi shi a cikin sirinjin, a daidai lokacin fita, da a ajiye tankin ruwan ɗumi yana jira. Ana kuma sa bawul mai hana tsotsowa, don kada yawu da jini su koma cikin tiyo idan aka saki maɓalli. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2003, ta ce a saki ruwa da iska na daƙiƙa 20 zuwa 30 bayan kowane majinyaci, kuma ƙwayoyin da ke cikin ruwan kada su wuce 500 a kowace mililita.

Shi kuwa bakin sirinjin da yake shiga bakin mutum, hanya biyu ce gare shi. Na ƙarfe ana wanke shi a turara shi a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, misali a digiri 134 na aƙalla minti 3. Sai dai ramin cikinsa ya yi ƙanƙanta, ido ba ya gani, buroshi ba ya shiga da kyau, kuma dattin da ya maƙale a ciki yana iya kare ƙwayoyin daga tururi. Na roba kuma sau ɗaya ake amfani da shi a jefar, ba ya ɗaukar zafi kamar ƙarfe, amma yana tara shara kuma kuɗinsa ba ya ƙarewa. Ni dai na fi karkata ga na robar a duk inda ba a da tabbacin wanke cikin bututun. Inda aka zaɓi na ƙarfe, to a sayi da yawa, yadda kowane majinyaci zai sami nasa daga cikin leda a rufe, a kuma buɗe ledar a gabansa.