Yadda haidurojin ke sa ƙarfen bututun gas gautsi

Assalamu alaikum, ɗalibai. A 1875 wani ɗan Ingila, W. H. Johnson, ya tsoma wayar ƙarfe cikin ruwan asid. Da ya ciro ta ya lanƙwasa, sai ta karye nan take. Da aka ajiye ta na ɗan lokaci, sai taushinta ya dawo. Haidurojin ne, wata iska da ke fitowa idan asid ya taɓa ƙarfe, ya shiga cikin wayar, ya kuma fita.

Ƙwayoyin zarrarsa na cikin mafi ƙanƙanta da ake da su. A cikin bututu bibbiyu suke tafiya, amma da sun taɓa jikin ƙarfe inda ba tsatsa sai su rabu, kowacce ta kutsa ciki. Ba ko'ina suke zama ba. Suna taruwa inda ƙarfen yake a takure: gefen walda, wurin da datti ya maƙale tun daga masana'anta, da bakin tsagar da ido bai gani ba. Nan ƙarfen ke daina miƙewa, ya koma tsagewa.

To, ku saurara da kyau, nan ne wurin ruɗani. Ƙarfe mafi ƙarfi, irin mai lamba X70 da X80 na manyan layukan gas, ya fi mai lamba X52, wanda bai kai su ƙarfi ba, shiga haɗari. Ƙarfin nasa ne ke ja masa.

Wani zai ce, Malam, ai Jamus na tura haidurojin ta bututu a yankin Ruhr tun 1938. Gaskiya ne. Amma ƙarfen mai taushi ne, matsin kaɗan ne, kuma ba ya yawan hawa da sauka. Layin gas kuwa kullum matsinsa na canzawa da buƙatar masu saye, kowane canji yana ƙara wa tsaga tsawo. A gwaji, haidurojin kan ninka saurin ƙaruwar tsagar nan sau goma ko fiye. Ni wannan ne ya fi damuna, ba yoyo ba.

Ga shi a Oktoba 2024 Jamus ta amince da layin haidurojin mai kilomita 9,040, kusan kashi 60 cikin ɗari tsofaffin bututun gas ne. Kowanne sai an bincike waldarsa, an auna tsagoginsa, wani ma a rage masa matsi. Rage matsin kuma da tsadarsa, domin a mazubi mai girma ɗaya da matsi ɗaya makamashin haidurojin kusan sulusin na iskar gas ne.