Mutumin da ke bayan jitar Stevie Ray Vaughan

Jama'a, akwai wani hoton bidiyo da ya kamata ku duba da kyau. Shekarar 1989 ce, a shirin talabijin na Austin City Limits, a jihar Texas ta Amurka. Stevie Ray Vaughan, shahararren makaɗin jita na Amurka, yana tsakiyar kiɗa sai tsirkiya ɗaya ta tsinke. Bai tsaya ba. Wani mutum ya fito daga gefen dandamali riƙe da wata jita, ya miƙa masa, ya karɓi mai tsinkakkiyar tsirkiyar, ya maƙala masa maɗaurin kafaɗa ta baya, Stevie kuwa bakinsa na kan makirufo yana ta rera waƙarsa. Wanda yake saurare da kunne kawai ba zai san an canza komai ba.

Sunan mutumin René Martinez, kuma sana'arsa ce za mu duba yau: mai kula da jitar makaɗi.

Kafin duniya ta san shi, Martinez mai gyaran kayan kiɗa ne a wani shago da ake kira Charley's Guitar Shop a birnin Dallas. Shi kansa makaɗi ne, ya ƙware a flamenko, salon kiɗan da ya fito daga kudancin Sifaniya. A 1985 Stevie ya ɗauke shi aiki, suka shiga yawon wasa tare.

To mene ne aikin? Tun kafin 'yan kallo su iso, shi ya riga ya sauke kaya, ya canza tsirkiyoyi, ya ja su har sun daina saki, ya saita muryar kowace jita, ya gwada wayoyi da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti. In an fara wasa, yana tsaye cikin duhu, idonsa a kan hannun maigidansa. Zafin fitilu da gumi kaɗai sun isa su karkatar da sautin jita kafin a gama waƙa uku.

Amma Stevie ba kamar sauran makaɗa ba ne, kuma a nan ne aikin Martinez ya yi nauyi. Yawancin masu kaɗa jitar lantarki, tsirkiyarsu mafi siriri kaurinta 0.009 ne ko 0.010 na inci. Stevie 0.013 yake sawa, sannan ya sassauta ɗaurin duka tsirkiyoyin kaɗan domin sautin ya yi ƙasa. Haka yake samun wannan murya mai kauri da aka san shi da ita. Sai dai yana dukan jitar da ƙarfi, yana tanƙwara tsirkiya da yatsa kamar zai cire ta. Fatar yatsunsa takan tsage, har yakan liƙe ta da gam ya koma dandamali. Martinez ne ya yi ta lallashinsa ya riƙa sa masu ɗan sauƙi idan tafiya ta yi tsawo. A ganina wannan ya wuce gyaran kaya, kula da lafiyar mutum ne.

Ga kuma yawan tsinkewa. Martinez ya lura tsirkiyar tana yankewa ne a wajen jaki, wato abin da tsirkiyoyi ke hawa a jikin jitar, inda take lanƙwasa a kan ƙarfe. Sai ya riƙa zare robar da ke jikin wayar lantarki, ya zura wa tsirkiyar a daidai wurin, ta zama matashi tsakaninta da ƙarfen. Dabara ce mai arha, irin wadda mai garaya zai gane nan take, domin shi ma ya san inda tasa take cinyewa.

Jitar da Stevie ya fi so ita ce wata tsohuwar Fender Stratocaster da yake kira Number One. An sha canza mata ƙarafan da ke gicciye a wuyanta, har katakon ya cinye, babu sauran wurin sa sababbi. Martinez ya cire wuyan ya ajiye, ya ɗora mata na wata jitar. A 1990, a jihar New Jersey, wani kayan dandamali ya faɗo ya karya wannan wuyan na aro. Makonni kaɗan bayan haka, ranar 27 ga Agusta 1990, Stevie ya rasu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a jihar Wisconsin, yana da shekara 35. Martinez ya mayar wa jitar wuyanta na asali, aka miƙa ta ga yayan marigayin, Jimmie Vaughan.

Kada a manta da ɓangarensa na makaɗi. Akwai lokutan da Martinez ne yake buɗe wasa kafin Stevie ya fito, shi kaɗai da jitarsa marar lantarki, a gaban dubban mutanen da suka zo jin kiɗa mai amo. Kuma iya kiɗan nan shi ne jarinsa, don wanda bai san yadda tsirkiya ke ji a ƙarƙashin yatsa ba, da wuya ya saita ta yadda wani zai ji daɗinta.

Bayan rasuwar Stevie bai rasa masu nemansa ba. Ya yi aiki da manyan makaɗa irin su Prince, da Carlos Santana, daga baya kuma da John Mayer. Ya kuma fito da wani man shafawa mai suna GraphitAll, wanda ake ɗigawa a ramukan da tsirkiya ke bi a saman wuyan jita, domin ta riƙa zamewa ta koma wurinta maimakon ta maƙale ta ɓata sauti.