Ikwalaizar Mastarin: A Sauƙaƙa wa Hannu Don Kunne Ya Yi Aikinsa

Assalamu alaikum. Malamaina da ke gaba, 'yan'uwa masu situdiyo na Zoo Road da kewaye, da ɗalibanmu masu rubuta manhaja, sannunku da zuwa.

Maganata yau a kan ikwalaiza ce, wadda ake aiki da ita wajen mastarin, wato gyaran ƙarshe bayan an gama miksin (haɗa muryoyi da kayan kiɗa wuri guda), kafin a saki waƙa. Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga haz 20 zuwa kusan 20,000 (haz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti), ita kuma ikwalaiza tana ba ka damar kama wani yanki ka ɗaga ko ka rage. A 1972 George Massenburg na Amurka ya gabatar da tsarin da muke kai har yau: ka zaɓi wurin da za ka taɓa, yawan abin da za ka taɓa, da faɗinsa. Ko manhajar Pro-Q ta kamfanin FabFilter ka buɗe, ko Ozone, ko wadda ke zuwa da FL Studio, waɗannan abubuwa ukun za ka tarar.

To ina matsalar? A miksin kana iya yanke desibel 6, wato ma'aunin ƙarfin sauti, daga murya guda, ba komai. A mastarin kuwa duk waƙar ce a hannunka, rabin desibel ko ɗaya ake taɓawa, biyu ma ya yi yawa wani lokacin. Amma sai ka buɗe manhaja ka tarar allonta yana nuna desibel goma sha wani abu sama da ƙasa. Ga ƙaramar laftof, ga yaro yana jan ɗigon da ake ɗaga sauti ko rage shi da shi a allo da ɗan yatsa, babu ko linzami. Ya ɗan motsa, ɗigo ya yi tsallen desibel uku, ya kuma zame gefe, daga haz 3,000 ya koma 3,400. Kamar a ba ka sikelin awon buhu ne a ce ka auna gwal. Pro-Q tana bari ka taƙaita allo zuwa desibel 3 ko 6, kuma a ganina haka ya kamata kowace ikwalaizar mastarin ta buɗe tun farko. A sa maɓallin da in ka danne, ɗigo zai yi sama da ƙasa kawai ba ya zamewa. A bar mutum ya rubuta adadin da yake so kai tsaye.

Yanzu ga wanda ya fi ci mini rai. Tun 1933 Fletcher da Munson, masu bincike a kamfanin Bell, suka nuna cewa in ƙara ta ƙaru, kunne yana ƙara jin bes da siririn sauti na sama. Shi ya sa duk abin da ya fi ƙara sai ka ji kamar ya fi daɗi. Ka ɗaga bes, ka kashe ikwalaiza, ka kunna, mawaƙi yana bayanka yana gyaɗa kai yana cewa “yauwa, yanzu ta fito.” Wallahi sau da yawa ba ta fito ba, ƙara ce ta ƙaru. Maganinsa manhaja ta daidaita ƙarar kafin gyara da ta bayan gyara da kanta, a maɓalli guda babba, ba a ɓoye cikin saiti ba. Wasu manhajojin suna da wannan, sai dai a kashe yake zuwa, sabon shiga bai ma san da shi ba. Kuma ku tuna Spotify na daidaita waƙoƙi wajen LUFS 14 ƙasa da sifili (LUFS ma'aunin ƙarar waƙa gaba ɗaya ne), duk ƙarar da ka tura za a sauke ta.

Zanen da ke rawa a allo, mai nuna ƙarfin kowane yankin sauti, shi ma yana da nasa haɗarin. Yana taimakawa wajen kama gurnanin wutar lantarki, wanda a ƙasar nan yake haz 50 da ninkinsa, 100 da 150. Amma na sha ganin masu gyara suna danne tudun da suka gani alhali kunnensu bai koka ba, har kalangu ya rasa jikinsa. A ba mu maɓallin rufe zanen.

Ɗalibai, ku kuma ku dubi masu sauraronmu. A waya suke ji, ko ƙaramar sifikar bulutut, ko cikin Adaidaita Sahu. Sifikar waya ba ta fitar da bes mai zurfi. Ku sa mana wurin da za mu danna mu ji waƙar yadda wayar da aka saya a kasuwar waya ta Farm Centre za ta fitar da ita, tun mawaƙi bai bar situdiyo ba. Manhajar kuma ta riƙa adana kowane taɓi, don wuta ba ta sallama kafin ta ɗauke.

Kafin ku rubuta layi guda, ku je ku zauna kusa da mai mastarin ranar da aiki ya yi masa yawa. Ku lura da duk inda ya ja ɗigo ya wuce, ya dawo, ya sake wucewa. Daga nan za ku fara gyara. Mai tambaya ya ɗaga hannu.