Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishiniya a Taron Tunawa da Hajiya Gambo Sawaba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishiniya, iyayenmu sarakuna, malamai, iyaye mata da 'yan uwa, a madadin matan Sabon Garin Zariya ina yi muku barka da zuwa. Ranki ya daɗe, sannu da hanya. Allah Ya saka da alheri da kika ajiye ayyukan ofis kika taso takanas domin mu.

Unguwar nan da kika sauka ita ce unguwar Hajiya Gambo Sawaba. An haife ta a 1933, sunanta na yanka Hajaratu, aka kira ta Gambo saboda ta biyo bayan tagwaye. Mahaifinta mutumin Ghana ne, ma'aikacin jirgin ƙasa, mahaifiyarta kuma Banufiya. Maraici ya katse mata karatu, aka yi mata aure tana 'yar shekara 13. Tana 'yar shekara 17 ta shiga jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano, a zamanin da ko namiji sai ya waiwaya kafin ya ce shi ɗan NEPU ne, ta kuma jagoranci matan jam'iyyar a nan Sabon Gari. Har Abeokuta ta je wurin Funmilayo Ransome-Kuti, fitacciyar 'yar gwagwarmayar haƙƙin mata, don ta ƙaru da ita.

Ranki ya daɗe, sau 16 ana ɗaure matar nan. Ta sha dukan 'yan banga, an kore ta daga Kano, an ci mutuncinta a bainar jama'a. Laifinta kuwa shi ne tana shiga gida-gida, inda maza ba su isa su shiga ba, tana zama da mata a tsakar gida tana ce musu 'ya'yansu mata su yi karatu, a daina aurar da su da ƙuruciya, su ma a ba su ƙuri'a. Ƙuri'ar nan ba ta samu ga matan Arewa ba sai a 1976. Ban manta da mahaifiyata ba ranar zaɓen 1979, ta dawo gida tana nuna mana tawada a babban yatsanta, ta ƙi wankewa har dare.

Hajiya ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP a Jamhuriya ta Biyu, Allah Ya yi mata rasuwa a watan Oktoba na 2001. Allah Ya jiƙanta da rahama.

Ga kokenmu. Akwai asibiti mai sunanta a Ƙofar Gayan, mun gode, amma 'yan matanmu da yawa suna wucewa ta gabansa ba su san ko wace ce ita ba. Muna roƙo ki kai maganarmu gaba, a sa tarihinta cikin darussan makarantun jihar nan, a kuma tallafa wa 'ya'yan talakawa mata su kammala sakandare. A ganina wannan ne zai fi faranta mata rai.

Akwai dattijai mata zaune a layin gaba waɗanda suka yi zamani da ita, suna son ganawa da ke bayan taro. Bismillah, ranki ya daɗe, ga wurin zamanki.