Idan Mutum Biyar Suka Iya Aikin Goma, Ina Sauran Biyar Za Su?

[Hoto: hannun inji yana ɗaukar kwali a masana'anta, sai allon kwamfuta yana rubutu da kansa]

Tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka shiga ofisoshi, lissafi ɗaya ne ke yawo a bakin jama'a. Mutum goma na yin wani aiki, an kawo na'urar da ta sa biyar sun isa, shi ke nan, biyar sun koma zaman kashe wando. Lissafin yana da sauƙin shiga kai. Sai dai akwai wani abu da aka ɗauka a cikinsa ba tare da an furta ba, wato cewa yawan aikin da ake buƙata zai tsaya inda yake. A nan za mu daɗe.

[Hoto: tsohon bidiyo baƙi da fari na masana'antar Ford]

Wannan Highland Park ne a jihar Michigan ta Amurka, shekarar 1913. Ku lura, ma'aikatan suna tsaye wuri ɗaya, motar ce ke zuwa musu a kan layi. Wannan ya ɗaura taya, wancan ya ƙulle ƙusa, ta wuce gaba. Kafin a kafa layin, haɗa mota ɗaya yakan ci kusan awa 12. Bayan an kafa shi, awa ɗaya da rabi ya isa. Da lissafin ɗazu, sai a sallami mutum bakwai cikin takwas.

Ga abin da ya faru. Motar Model T da ta fito a 1908 kan dala 850, kafin tsakiyar shekarun 1920 farashinta ya sauko ƙasa da dala 300. Manomi da malamin makaranta da ba su taɓa mafarkin mallakar mota ba suka fara saye. Kamfanin ya ƙara ɗaukar ma'aikata, ya kuma ɗaga albashi zuwa dala 5 a rana a 1914. Zuwa 1927 an ƙera Model T miliyan 15.

To, ku riƙe wannan da kyau. Kuɗin da aka rage wajen samar da kaya ba ya ɓacewa cikin iska. Ko dai ya sauke farashi, ko ya ƙaru a albashi, ko ya shiga aljihun mai kamfani. Duk inda ya faɗa, wani zai kashe shi, kuma abin da aka saya da shi wani ne ya yi aikinsa. Tambayar da ke raba gardama ita ce: idan kayan ya yi arha, mutane za su ƙara saye da yawa?

Da mota, eh. Da abinci fa?

[Hoto: motar girbi tana ratsa gonar alkama]

Ciki yana da iyaka. Ko an ninka arhar hatsi, ba wanda zai ninka cinsa sau goma. Shi ya sa noma ya bi wata hanyar daban. A 1900, kusan mutum 40 cikin kowane 100 na ma'aikatan Amurka a gona suke. Yau ba su kai 2 ba. Ayyukan gona sun tafi da gaske. Amma kuɗin da iyalai suka daina kashewa kan abinci ya koma kan asibiti, makaranta, gini da tafiye-tafiye, kuma can jikokin manoman suka samu aiki.

[Hoto: layin mutane gaban na'urar ATM]

Wannan da sauri. Na'urar cirar kuɗi ta rage adadin masu karɓa da biyan kuɗi a kowane reshen banki a Amurka, amma buɗe reshe ya yi arha, aka buɗe rassa da yawa, yawan ma'aikatan bai faɗi ba na tsawon shekaru.

[Hoto: zanen masaƙin hannu a ɗakinsa]

Yanzu ga inda nake so mu yi wa masu fargaba adalci, domin ni ina ganin suna da hujja. A Ingila, masaƙan hannu sun kai dubu ɗaruruwa a farkon ƙarni na 19. Da masaƙar inji ta bazu, ladan aikinsu ya rushe, da yawa suka tsufa cikin talauci. Tufafi sun yi arha, ƙasa ta yi arziki, sababbin ayyuka sun fito, amma a wani gari, ga wasu mutane, bayan shekaru. Mutumin da ya kai hamsin da sana'a ɗaya a hannu, ba za ka lallashe shi da jadawalin tattalin arzikin ƙasa ba. Haya yake biya wannan watan.

Wasu ƙasashe sun ɗauki wannan giɓin da muhimmanci. A Denmark, sallamar ma'aikaci ba ta da wuya, amma wanda ke cikin asusun inshorar rashin aiki yana iya karɓar tallafi har shekara 2, ana kuma tura shi koyon sabuwar sana'a da neman gurbi kafin wa'adin ya cika.